ZIYARAR NAZARI ZUWA MIRI: ABIN DA ƊALIBIN HARSHE ZAI GANI DA ABIN DA ZAI JI

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji. Mu ɗaliban Hausa mun haddace waɗannan karin magana, muna kawo su a jarrabawa, amma kaɗan ne daga cikinmu suke aiki da su. Sai ka ga ɗalibi ya cika shafi goma a kan karin harshen Bauchi alhali bai taɓa zama a gindin bishiya ya saurari mutanen Bauchi suna hira ba. Abin da wani ya rubuta shi yake kwafa, idan an yi kuskure a can shi ma ya ɗauko ya ƙara gaba da shi.

Wannan maƙala ta ƙunshi bayanin ziyarar kwana biyu da ni da abokan karatuna biyu muka kai garin Miri da ke bakin birnin Bauchi, a lokacin kaka. Za a duba inda garin yake, da ladubban shiga ƙaramin gari, da irin Hausar da ake ji a wurin, da wuraren tarihi da ke kusa da shi. Daga ƙarshe za a kawo aikin da ya rataya a wuyan ɗalibin harshe, domin akwai abin da ke salwanta a wannan yanki wanda idan ba a rubuta shi yanzu ba, nan gaba ba za a sami wanda za a tambaya ba.

2.0 Miri da Muhallinta

Miri tana yamma da birnin Bauchi, a kan babban titin da ya nufi Jos. Tana cikin ƙaramar hukumar Bauchi, kuma a tsarin zaɓe an haɗa ta da Birshi a mazaɓa ɗaya da ake kira Birshi/Miri. Wanda ya taso daga cikin gari zai wuce Wuntin Dada, inda kwalejin kimiyya da fasaha ta Abubakar Tatari Ali take, kafin ya isa Miri. Idan ya zarce, titin zai bi da shi ta garuruwa irin su Buzaye da Zaranda da Nabardo da Magama Gumau da Tilden Fulani, har ya shiga Jos bayan tafiyar kimanin kilomita 130.

Abu na farko da baƙo zai lura da shi shi ne duwatsu. Ƙasar Bauchi ƙasar duwatsu ce, har masana ilimin ma'adinai suka laƙaba wa wani nau'in dutse da ake samu a kewayen birnin sunan Bauchi. A tsakanin duwatsun nan ake noman dawa da gero da masara da gyaɗa da wake, sannan a fadamu a yi shinkafa da kayan lambu. Lokacin da muka je an riga an yanke dawa, karare na jibge a gonaki, shanun Fulani kuwa sun shiga kiwo.

Abu na biyu shi ne yadda birni yake cin ƙauye. Tun da aka ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976 aka mayar da birnin hedikwata, gari yake ta faɗaɗa ta kowace kusurwa. A Miri za ka ga rumbu da dangar kara a gefe guda, a ɗaya gefen kuma sabon gini na bulo da rufin kwano a filin da bai daɗe da zama gona ba. Saboda haka garin ya zama mahaɗar manomi ɗan ƙasa da ma'aikacin gwamnati da ɗalibi da ɗan kasuwa, kowa da irin Hausarsa. Ga mai nazarin walwalar harshe, irin wannan wuri ya fi ƙauyen da ke can cikin daji amfani, domin a nan ne ake ganin sauyi yana faruwa.

3.0 Ladubban Shiga Gari

Mun hau keke mai ƙafa uku daga wajen kasuwar Wunti da hantsi. Da muka sauka ba mu fara da tambayoyi ba, sai muka nemi a kai mu wurin mai unguwa. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko. Baƙon da ya shiga gari da littafi da biro da waya yana ɗaukar hotuna ba tare da ya gabatar da kansa ba, za a ɗauke shi ko dai ma'aikacin haraji ko mai auna filaye, kuma babu wanda zai saki jiki da shi. A wannan zamani na rashin tsaro abin yana iya wuce haka. Ya kamata ɗalibi ya riƙe takardar gabatarwa daga sashensa da katin shaidarsa na makaranta.

Ƙa'ida ta biyu ita ce gaisuwa. Ana cire takalmi, a durƙusa, a yi sallama, a tambayi gajiya da iyali da sanyi da amfanin gona, sannan a jira babba ya tambayi abin da ke tafe da mutum. Dattijo "Baba" ne, tsohuwa "Iya" ce ko "Inna", mai sarauta kuwa "ranka ya daɗe". Ɗan goro ko sabulu da za a miƙa ba cin hanci ba ne, gaisuwa ce.

Ƙa'ida ta uku ita ce neman izini kafin ɗaukar murya ko hoto. A nan ni na yi kuskure. Muna cikin gaisawa da wani dattijo na fito da waya na danna ɗauka don kada wata kalma ta wuce ni. Da ya lura sai ya yi shiru, amsarsa ta koma "e" da "a'a". Sai da abokina ya ba shi haƙuri, na goge abin da na ɗauka a gabansa, sannan hira ta dawo. Wannan kuskure ya ci mana kusan awa guda. Daga baya da muka nemi izini a fili, shi da kansa ya ce a matso da wayar kusa da bakinsa.

4.0 Abin da Kunne Ya Ji: Bausanci

Masana sun kasa karin harshen Hausa gida biyu, na gabas da na yamma. Sakkwatanci da Katsinanci suna cikin na yamma, Kananci da Zazzaganci da Bausanci da Guddiranci kuwa suna cikin na gabas. Ga siffofi uku da muka ji a Miri.

4.1 Jinsi

A daidaitacciyar Hausa, suna na mace yana ɗaukar mahaɗi -r, na namiji da jam'i kuma -n. A Bausanci sau da yawa -n ce take maye gurbin duka:

Daidaitacciyar Hausa: motar Audu, rigar Binta, kasuwar Wunti
Bausanci: motan Audu, rigan Binta, kasuwan Wunti

Haka abin yake ga dirka. Inda Bakano zai ce "gona ce", a nan sai ka ji "gona ne". Amma idan ana maganar mace 'yar Adam, mun ji wakilin suna yana nan daram, wato "Binta ta zo". Ke nan jinsin nahawu ne na abubuwa marasa rai ya raunana, ba bambancin namiji da mace ba.

Ni da ba da Hausa aka yaye ni ba, babu abin da ya ba ni wahala a aji ɗaya kamar jinsi. Malamai sun sha ja mini jan layi a kan "makarantan" da "hanyan". Saboda haka da na ji wani yaro ya ce "hanyan dutse", bakina ya riga hankalina na ce masa "hanyar dutse". Yaron ya dube ni da mamaki, don shi bai san wani harshe ba sai Hausa, ni kuwa koyo na yi. Darasin da na ɗauka shi ne, daidaitacciyar Hausa ma'auni ce ta rubutu da koyarwa, ba sanda ce ta dukan masu harshe ba. Aikin mai nazari a fage shi ne ya rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi.

4.2 Gurbin Karɓau Kaikaitau

A daidaitacciyar Hausa karɓau kaikaitau yana zuwa dab da aikatau, kafin karɓau kai-tsaye. A Bausanci, idan karɓau kaikaitau suna ne, yana iya komawa ƙarshen jimla tare da "ma":

Daidaitacciyar Hausa: Ya kawo wa baƙo ruwa. Na wanke wa Audu riga.
Bausanci: Ya kawo ruwa ma baƙo. Na wanke riga ma Audu.

Idan kuwa wakilin suna ne, tsarin bai sauya ba: "ya kawo mini ruwa". Paul Newman ya taɓo wannan bambanci a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Karanta shi a littafi daban, jin wata uwa ta ce wa 'yarta ta kai abinci ma baƙi daban.

4.3 Kalmomi

Abin da Bakano yake kira waina, a Bauchi masa ce, kuma mutanen Bauchi suna alfahari da tasu. Da ita muka karya kumallo a rana ta biyu, da miyar taushe. Irin wannan bambanci na kalmomi shi ne mafi sauƙin tattarawa, musamman a fannin abinci da kayan noma da sunayen itatuwa da na dangantaka. Ɗalibi ya tanadi jerin kalmomi tun daga makaranta, ya nuna abu ya tambayi sunansa. Kada ya faɗi kalmar da ya sani ya ce "haka kuke cewa?", domin saboda kara za a ce masa e.

5.0 Wuraren Tarihi da ke Kusa

5.1 Tsohon Birnin Bauchi

Ba za a fahimci Miri ba sai an fahimci birnin da take jingine da shi. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya yi sarauta har rasuwarsa a 1845. Daga ƙabilar Gerawa ya fito, kuma an san shi a matsayin wanda ba Bafillace ba a cikin manyan masu tutar jihadi. Ya kewaye birnin da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10. Yawancin ganuwar ta zube, amma sunayen ƙofofin suna nan, kamar Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Inkil da Ƙofar Tirwun da Ƙofar Idi. Wasu ƙofofin sun ɗauki sunayen garuruwan da suke fuskanta, kamar Inkil da Tirwun, kuma garuruwan biyu suna da alaƙa da tarihin Yakubu kansa. Turawan Ingila sun ci birnin a 1902.

5.2 Kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa

A cikin birni ne kabarin firayim ministan Nijeriya na farko yake, wanda aka haifa a 1912 aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. An buɗe ginin da ya kewaye kabarin a 1979. Mai ziyara yana bi ta wani lungu mai duhu da haske ke ratsawa kaɗan-kaɗan, har ya fito fili inda kabarin yake babu rufi. Masu kula da wurin suna fassara wannan da fitowar ƙasa daga mulkin mallaka zuwa 'yanci. Akwai kuma ɗakin da aka ajiye wasu kayayyakinsa. Ga ɗalibin Hausa wurin yana da ƙarin muhimmanci, domin marigayin shi ne marubucin Shaihu Umar, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Wanda ya ga duwatsun ƙasar Bauchi ya ji labarin hare-haren neman bayi na ƙarni na 19, zai sake karanta littafin da wani ido.

5.3 Zanen Duwatsu da Kwandon Kaya

A rana ta biyu mun nausa yamma. Dutsen Zaranda shi ne ya fi ɗaukar ido a wannan hanya, kuma sunansa ne aka sa wa wani sanannen otal a cikin birni. A ƙasar Geji, cikin ƙaramar hukumar Toro, akwai Dutsen Zane, inda mutanen da suka yi zanen shanu da namun daji da mutane a jikin dutse da jan launi. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Hamo Sassoon, ya wallafa bayanin zanen a 1960. Akwai irinsa a Dutsen Damisa da kuma Shadawanka, kuma duk suna cikin jerin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta keɓe, kamar zanen Birnin Kudu na jihar Jigawa. Zuwa Geji yana buƙatar ratsewa daga kwalta da neman ɗan jagora daga mutanen gari. Ba a taɓa zanen da hannu, ba a zuba masa ruwa don hoto ya fito, ba a kuma rubuta suna a kusa da shi.

A gindin hawan Panshanu kuma akwai tarin duwatsu da ake kira Kwandon Kaya, wanda riwayar baka ta danganta da yaƙe-yaƙen Sarki Yakubu da mutanen duwatsu. Matafiya da yawa suna wuce shi a guje ba su san mene ne ba.

Wanda yake da ƙarin kwana zai iya zuwa gandun daji na Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, inda maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki take. Sai dai wannan tafiya ce ta daban, ta gabas da birni.

6.0 Sunaye da Harsunan da ke Ɓacewa

Idan aka dubi sunayen da suka gabata za a ga sun kasu kashi uku. Akwai na Hausa zalla: Dutsen Zane, Dutsen Damisa, Kwandon Kaya, da Magama, wadda ta fito daga aikatau "gama". Akwai masu gauraye, kamar Tilden Fulani, inda kalmar Fulatanci mai nufin tudu ta ɗauki mahaɗin Hausa. Akwai kuma waɗanda ba su da ma'ana a Hausa ko kaɗan, kamar Geji da Zaranda. Kashi na ukun nan shaida ne cewa Hausa ta tarar da wasu harsuna a wannan ƙasa.

A nan sai ɗalibi ya yi hattara da fassarar kunne, wato ya ji suna ya yi kama da wata kalmar Hausa sai ya ƙulla musu dangantaka. Sunan Bauchi ma misali ne. Sanannen labari shi ne an samo shi daga wani maharbi mai suna Baushe da Yakubu ya tarar a wurin. Amma masana tarihi sun nuna cewa tun kafin a kafa birnin Hausawa suna kiran ƙasashen da ke kudu da su "ƙasashen Bauchi". Mai nazari ya rubuta duk riwayar da aka ba shi, da wanda ya ba shi, da harshen da mutumin yake ji, ya bar hukunci sai ya tara hujja.

Harsunan da Hausa ta tarar ɗin nan yawancinsu 'yan uwanta ne na rukunin Cadi ta Yamma. Geranci yana reshe ɗaya da Bolanci da Tangale, kuma Russell Schuh ya wallafa nazari a kan harsunan wannan reshe na yankin Bauchi a 1978. A shekarar kuma Kiyoshi Shimizu ya fitar da rahoton bincikensa a kan harsunan kudancin Bauchi, waɗanda suka haɗa da Geji da Polci da Zaar. Daga baya Bernard Caron ya ci gaba da aiki a kansu. Ban da su akwai harsunan Jarawa, waɗanda ba na Cadi ba ne, dangin harsunan Bantu ne. Har sunayen da aka san ƙabilun da su ma sau da yawa na Hausa ne: waɗanda muke kira Sayawa, su Zaar suke kiran kansu. Ɗafa-ƙeyar -awa ta jama'a da -anci ta harshe sun lulluɓe sunayen asali.

Da yawa daga cikin harsunan nan ba su da jinsin nahawu, shi ya sa wasu masana suke ganin cuɗanya da su tana cikin dalilan raunin jinsi a Bausanci. Ma'ana, mutanen da suka koma Hausa sun shigo da ɗabi'ar harshensu na farko. Idan haka ne, "motan Audu" ba ɓatacciyar Hausa ba ce, sawun tarihi ne.

Abin damuwa shi ne harsunan suna ƙarewa. Ajanci, da ake yi a arewacin ƙasar Bauchi, ya mutu tsakanin 1920 da 1940 bayan masu shi sun koma Hausa. Geranci, harshen kakannin wanda ya kafa birnin, yau samarin Gerawa da yawa ba sa jin sa. Matakan sanannu ne: kaka tana jin harshen sosai, uwa tana ji amma da Hausa take amsawa, jika kuwa gaisuwa kaɗai ya iya. Na san wannan tsani domin a gidanmu ma a matakin tsakiya nake tsaye. Mu da muke karanta Hausa muna murna da bunƙasarta, kuma ya dace mu yi. Amma harshen da muke nazari shi ne yake haɗiye waɗannan, saboda haka mu ne muka fi cancanta mu rubuta su kafin su tafi. Wanda yake son sanin yadda tsohuwar Hausa take ma yana buƙatar su, domin da kwatanta 'yan uwa ake gano kamannin kaka.

7.0 Shawarwari ga Mai Niyyar Ziyara

(a) A je da rani ko kaka. Da damina manoma suna gona, hanyoyin ƙauye kuma suna ɓaci.
(b) A nemi labarin tsaron hanya daga mutanen yankin kafin a tashi, kuma a dawo kafin magariba.
(c) A tafi da mace a cikin tawaga. Abokiyar tafiyarmu ta shiga cikin gida ta samo waƙoƙin daka da sunayen kayan girki da mu maza ba mu isa mu ji ba.
(d) A tambayi kowane mai ba da bayani harshen mahaifinsa da na mahaifiyarsa da wanda yake yi da 'ya'yansa. Amsoshin nan uku kaɗai sun isa su nuna inda harshe ya dosa.
(e) A yi hira da tsoho da matashi a kan abu ɗaya, sannan a kwatanta.
(f) A juye abin da aka ɗauka a takarda a daren ranar, tare da alamar karin sauti da tsawon wasali inda aka iya.
(g) A koma a yi godiya, in da hali a kai musu kofen abin da aka rubuta.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta kawo bayanin garin Miri da muhallinta, da ladubban da suka kamaci baƙo, da siffofi uku na Bausanci, da wuraren tarihi tun daga ƙofofin Bauchi har zuwa Dutsen Zane da Kwandon Kaya. Ta kuma nuna cewa a ƙarƙashin Hausar da ake ji a yankin akwai wasu harsuna da suke gab da shuɗewa. Kuɗin motar da ya kai mu Miri daga cikin gari bai kai na kofen littafi ɗaya ba, amma mun dawo da shafi 14 na bayanai. Ina kira ga ƙungiyar ɗaliban Hausa ta sa irin wannan ziyara cikin ayyukanta na kowace shekara, kuma ɗaliban aji huɗu da ke neman batun kundin digiri su dubi ƙauyukan da ke kan titin Jos. Tsofaffin da suke riƙe da waɗannan harsuna ba za su jira mu gama digiri na biyu ba. Allah Ya ba mu ikon yi.